Jan Ƙyallen Magaryar Iya Ding

An yi wani mutum a nan bayan masallacinmu na Linxia, a ƙasar Sin, sana'arsa sare busassun rassa a gidajen mutane. Ba zan kama sunansa ba, wasunku sun sha shayi da shi.

Kun san yadda ake aikin. Da damina, lokacin da ganye ya cika, ake ɗaura jan ƙyalle a kan mataccen reshe, don in sanyi ya zo ganye ya zube, mai rai da matacce kamarsu ɗaya. Shi ya koya wa ɗansa Ersa da bakinsa: reshen da babu ƙyalle, taka shi ba fargaba.

Iya Ding, tsohuwa mai raunin ido, ta kira uban ya cire wani babban mataccen reshe mai jan ƙyalle a magaryar tsakar gidanta. Ya hau, ya ga reshen yana kan wayar lantarki, aikin zai ci masa yini. Sai ya kwance ƙyallen, ya sassare ƙananan rassa ya tara, ya sauko.

"Ɗana, ka cire shi?"

"Wallahi Iya, ga ma ƙyallen."

Ta zuba masa shayi tana sa masa albarka. Ya 'yan uwa, wa ya yaudara? Tsohuwar da ba ta gani, ko Wanda yake gani?

Sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta danne wani reshe a kan rufin Iya Ding. Ta aika a kira mutumin, ba a same shi ba, Ersa ya ɗauki zarto ya tafi. Da uban ya dawo matar Ersa ta gaya masa, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Yana gudu yana zamewa yana roƙon Allah, Allahn da ya rantse da sunansa a kan ƙarya.

Yana shiga gidan ya ɗaga kai ya yi ihu, "Ersa, kar ka taka!" Ƙafar ta riga ta sauka a kan mataccen reshen da ya bari, reshen ya karye.

Ersa bai mutu ba, amma bayansa ya karye. Yana kwance a ƙanƙara ya dubi ubansa ya ce, "Baba, ai na duba. Babu ƙyalle."

Har yau uban ne ke goya shi zuwa banɗaki.

Ya 'yan uwa, ha'inci ba ya zama inda ka ajiye shi. Duk aikin da ka rufe da rantsuwar ƙarya yana nan rataye, ba ka san kan wa zai faɗo ba.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga abin da hannuwanmu suka ɓoye.