Gwal ɗin da Ummu Hani Ta Ƙona

Akwai wani matashi ɗan Argungu, Mujtaba, da ke digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai a Birnin Kebbi. Yayarsa Ummu Hani tana aure a unguwar Gesse ta cikin garin, tana sana'ar zoɓo da kunun aya. Mace ce mai kirki, amma akwai ta da saurin yanke hukunci. In ta ga hayaƙi, to ta riga ta san wanda ya kunna wutar har da sunan kakansa.

Binciken Mujtaba a kan gwal yake. Yana haɗa wasu mitsi-mitsin dunƙule, kowanne ƙwayar zarra ashirin da biyar ta gwal, ba ragi ba ƙari, don in lissafin ya sauya, halinsu ma ya sauya. Fatansa su riƙa hanzarta kashe dafin maganin feshi a ruwan da ke fita daga gonakin shinkafa na Zauro.

Wata rana ya zo mata da 'yar kwalba mai ruwa ja-ja-baƙi-baƙi.

"Yaya, aje min wagga cikin firjinki mai sola. Wutar makaranta ba ta da tabbas, kuma zahi na ɓata shi."

"Mi an nan ciki?"

"Gwal na."

"Gwal? Wanga ruwan shayi?"

"Awo. Aikinai kamar kanwa cikin wake, shi sa abu shi nuna da wuri. Sai dai shi ba ya ƙarewa cikin tukunya."

Ta yi dariya, ta tura kwalbar bayan jarkokin zoɓo.

Ana nan sai ta je Argungu. Ta buɗe akwatin Inna, mahaifiyarsu, don ta ari sarƙar gwal ɗinta ta je suna. Gidan sarƙa na nan, sarƙa ta ce ɗauke ni inda kika aje.

Ta tambayi mutanen gida wa ya zo kwanan nan, aka ce Mujtaba. Shi ke nan, shari'a ta ƙare a zuciyarta. Yaron da ba shi da ko keke, ina ya samu gwal ɗin narkarwa? Ba ta tambayi Inna ba, wai don kada hawan jininta ya tashi. Shi ma ba ta tambaye shi ba, don a ganinta ɓarawo ba ya cewa shi ne.

Daga ranar komai ya yi sai ya zama shaida. In ya gaishe ta da fara'a, ta ce borin kunya ne. In ya yi shiru, ta ce alhaki ne ke cin sa. Ni kam na sha faɗa, zargi in ya shiga gida, ko tarin mutum laifi ne.

Rannan ta sunkuci kwalbar sai kasuwa, wurin Dikko maƙerin gwal.

Dikko ya ɗaga ta ya duba. "Hajiya, ni ban san wanga abu ba. Ki bari mai shi ya zo."

"Malam Dikko, sarƙar uwata ta ciki. Sa mata wuta kawai."

Ya juye a kasko ya hura wuta. Wani wari ya tashi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, har maƙwabta suka toshe hanci. Da ya lafa, abin da ya rage a kaskon ɗan ɗigo ne mai ƙyalli, bai kai rabin ƙwayar gero ba.

Kuna tsammanin jikinta ya yi sanyi? Ina! Cewa ta yi, "Ashe sauran sayar da shi yay yi."

Ta dawo gida ta tarar da Mujtaba tsaye gaban firji, duk ya fiddo jarkoki, gumi na zuba.

"Yaya, ina kwalbata? Jibi malamaina za su gwada ta."

Ta kwance bakin gyale ta nuna masa ɗigon. "Ga abin da yar rage na sarƙar Inna. Ba ka ji kunya ba?"

Ya dubi ɗigon. Bai ɗaga murya ba. Waya ya ciro ya kira Inna, ya sa kowa na ji.

"Inna, ina sarƙarki?"

"Tana wuyan Nazifa, ɗiyar maƙwabta da anka yi ma aure. Marainiya ta, nib ba ta aro ta fita kunyar dangin miji. Ban hwaɗa ma Ummu ba don na san halinta, cewa za ta yi a amso. Lahiya dai?"

"Lahiya lau, Inna."

Kunya da nadama suka rufe Ummu Hani, ta fashe da kuka. Ta cire 'yan kunnenta ta miƙa masa.

"Ungo, narke su, ka sake wani."

"Ba ya yi, Yaya, akwai gaurayen jan ƙarhe ciki. Nawa sinadari na da malamina yay yo oda daga waje. Sau nawa ina haɗawa yana lalacewa, wanga kaɗai ad daidai." Ya share ido. "Aikin ana sakewa. Amma ke kika goye ni, kuma kin ɗauka ina iya yi ma Inna sata."

Abokan karatunsa suka gama, shi ya maimaita shekara. Ya yafe mata, yana zuwa gidanta, yana cin tuwonta, suna gaisawa lafiya. Amma har yau ko cajar waya bai ƙara bari a hannunta ba, kuma ta san dalili.

Darasi: Kafin ka yanke wa ɗan'uwanka hukunci, buɗe baki ka tambaye shi. Rashin fahimtar aikin mutum ba hujja ba ce a kansa, kuma yardar da zargi ya ƙona ba ta komawa yadda take. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai shirin kai tasa kwalbar wurin maƙeri.