Makullin da Nemesio Ya Tafi da Shi

Nemesio Huaracha gwanin ƙarfe ne, ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Shekara goma sha huɗu ya yi a birnin Arequipa yana walda, kuma ƙofar da ya haɗa ba a taɓa jin ɓarawo ya ɓalle ta ba. Aibinsa ɗaya ne, amma shi ya cinye sauran halayensa na kirki: kunyar gidan da aka haife shi yake ji. Tun da ya dawo ƙauyenmu na kan tudu, komai ya gani sai ya ja tsaki.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ɗakin girkin uwarsa, Mama Toribia. Kamar kowane gida a nan, a ɗakin girki take kiwon kuwi, wato ɓerayen Masar. Suna kwana a ramukan da ke ƙarƙashin dakalin ƙasa, daf da murhu, suna cin ɓawon dankali da ganyen sha'ir. Ashirin da shida ne, jajaye masu farin goshi. Dukkansu jikokin guda biyun nan ne da uwarta ta naɗe mata a mayafi ranar aurenta, shekara hamsin da ɗaya da suka wuce. Yanzu kuma Zenobia, 'yar Nemesio, wadda tsohuwar ta rena tun rasuwar uwar yarinyar, za ta yi aure a watan Agusta. Mama Toribia ta riga ta zaɓi biyun da za ta naɗe mata.

Iyayen angon mutanen gari ne, kuma za su zo ganin gida ranar Lahadin ƙarshen Yuli. Wannan ne ya hana Nemesio sukuni.

"Mama, mutanen nan fa wayayyu ne," ya ce. "Su zauna cin abinci ɓeraye suna tsallake musu ƙafa?"

"Ɓeraye?" in ji tsohuwar, ba ta ko ɗago daga ferar dankali ba. "Da naman ɓerayen nan ka yi wannan ƙaton wuyan."

Kwana biyar ya yi a bayan gida yana yanka ƙarfe. Ya haɗa keji mai dogayen ƙafafu, da rufin kwano, da daɓen waya don kashi ya riƙa zubowa ƙasa, irin wanda ya gani a gonakin kwarin Arequipa, inda mutum ke yawo da riga ɗaya ko a watan Yuli, lokacin da sanyi ya fi tsanani a nan kan tudu. Ya sa wa ƙofar kwaɗo, ya lulluɓe kwaɗon da akwatin ƙarfe yadda ake yi wa shagunan birni. Ranar Alhamis, da uwarsa ta tafi garken alfaka, dabbobin nan masu dogon wuya da kaurin gashi da muke kiwo, ya kwashe kuwin duka ya zuba a ciki.

Da ta dawo ta ji ɗakin girki shiru, ko kayan bayanta ba ta sauke ba ta zagaya.

"Buɗe," ta ce.

"Mama, ki duba tsabta mana."

"Na duba. Ka rataye su a iska kamar shanya. Ka taɓa ganin kuwi da gashin alfaka? Murhu ne rigarsu, kai sakarai! Sama kwano, ƙasa waya, ta ina ɗumi zai zauna? Kuma ƙanƙara na tafe. Alfaka sun gangaro da kansu yau, gwiwata tun jiya take sara."

"Rediyo bai faɗa ba."

"Rediyon naka yana da gwiwa?"

Zenobia ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar nan kuwa ita ta ƙarasa hasala shi. Ya ce shi ne namijin gidan, ba za a mayar da shi abin ba'a a gaban surukai ba. Ya san da ya juya baya tsohuwar za ta mayar da su gindin murhu. Saboda haka da safiyar Juma'a, da ya hau babbar mota zuwa gari don sayen kujerun roba, ya jefa makullin a aljihunsa, ya kuma tafi da akwatin kayan aikinsa.

Da azahar ɗin ranar dusar ƙanƙara ta fara sauka. Yana tsaye a tasha da kujeru shida a ɗaure, direba ya ce ko keke ba zai hau tudu ba. Nemesio ya zagi direba, ya zagi hanya, ya zagi rediyo. A can cikin ransa kuwa uwarsa ya fi jin haushi, don ta yi gaskiya. Duk sanda ya sa hannu a aljihu sai ya taɓa makullin, ya yi maza ya cire hannun. Ya riƙa gaya wa kansa ai akwai rufi, ai dabba ce, za ta jure.

Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, ƙanƙara ba ta tsaya ba. Ranar Litinin ya bar kujerun a tasha ya kamo hanya da ƙafa. Awa bakwai ya yi yana nutsewa har gwiwa.

Bai gane kejin ba da farko. An lulluɓe shi da duk barguna da fatun gidan, har da mayafin auren uwarsa. An cusa tattakar sha'ir ta kafofin waya, kafa bayan kafa. A ƙarƙashi ga tukunyar da aka yi ta hura busasshen kashin dabbobi, iska na kashewa. Ga fartanya a karye, ga duwatsu uku a farfashe. Mama Toribia na zaune a kan dutse, hannayenta biyu a naɗe da tsumma mai jini.

Zenobia ce ta fara magana.

"Sannu da aiki, Baba. Kwana uku muna dukansa, ko lanƙwasa bai yi ba. Lallai ka iya walda."

Ya zaro makullin. Kwaɗon ya buɗe ƙyas, ba gardama. Kuwin na can kusurwa ɗaya, sun hau kan juna, sun sandare, ƙafafun wasu sun manne da waya. A ƙasan tsibin ya ji ɗan motsi. Tsohon namijin nan ne da suke kira Mai Gari, don shi ke fara cin abinci. Shi kaɗai ya rage.

"Fito da su," in ji uwar. "Ɗaya ɗaya. Jera su nan."

"Mama..."

"Kada ka kira ni! Jera su, ka ƙirga da bakinka. Ina jin kukansu ranar Juma'a, ina jinsa ranar Asabar. Ka san yadda suke yi in sun ji takuna? Haka suka yi ta yi, ina tsaye, waya ce kawai tsakanina da su. Jiya na fito ban ji komai ba. Waccan mai cikin ita na zaɓa wa 'yarka. Uwata ta haye tudun nan da kakanninsu a baya, ba takalmi, ba su mutu ba. Sai da ka yi ilimi."

Ya jera ashirin da biyar a kan farar ƙanƙara, yana ƙirgawa.

Surukai sun zo ranar Lahadin da aka sa, kwana shida bayan haka. An kawo kujerun, an share ɗakin girki tas. Uwar angon, Doña Casimira, ta zauna, ta waiga dama da hagu, ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin dakali.

"Ikon Allah, gidan nan shiru kamar coci ranar Talata," ta ce. "Ina kuwinku? Nawa arba'in ne a ɗakin girki, ba sa barin mutum ya ji maganar kansa. Zenobia ta ce naku jajaye ne masu farin goshi, har na share musu rami. Ga ɗanyen sha'ir ma na taho musu da shi."

Ta kwance ƙullin ganye ta ajiye a ƙasa. Ba abin da ya fito.

"Tambayi injiniya," in ji Mama Toribia.

Nemesio ya kalli kujerun nan shida, ya kalli ganyen, ya tashi ya fita.

An yi biki a watan Agusta. Mai Gari bai kai ranar ba, sanyin ya riga ya shiga ƙirjinsa. Zenobia ta tafi gidan miji da mayafin kakarta a ninke, ba komai a ciki. Maƙwabta sun kawo wasu kuwin, Nemesio ma ya sayo, tsohuwar ta ce a mayar, ba na uwarta ba ne. Shekara biyu ta ƙara a duniya. Kullum da safe, in tana ferar dankali, hannunta kan manta ya watsa ɓawon gindin dakali. Kullum Nemesio ne ke zuwa da tsintsiya ya share.

Mai karatu, ka lura da wannan. Dabbar da ka tsare ba ta da wani ɗumi sai wanda ka ba ta. In sanyi ya zo, ka shigar da ita inda kake jin ɗumi, ka yi mata shimfiɗa busasshiya, kada ka bar ta a iska, kuma kada ka taɓa kulle rai ka tafi da makullin. Kafin ka rushe abin da ka tarar iyayenka suna yi, ka tambaye su dalili, ka saurari amsar. Wanda ya ji kunyar gidansu don idon baƙo, sau da yawa zai tarar baƙon ba ruwansa da abin da yake ɓoyewa, shi kuwa ya riga ya yi asarar abin da ba a sayarwa a kasuwa.