Ɗinkin Layi na Huɗu

Akwai wani matashi a garin Gyeongju mai suna Pyo Gwang-su. Shekara bakwai ya yi a jirgin ruwan dakon kaya, yau wannan tasha gobe waccan. Ko da ya dawo gida, an yi wata biyar da binne mahaifiyarsu.

Yayarsa Mi-ran ce ta yi jinyarta har shekara uku. Da safe ta tafi masana'antar da take ɗinka rigunan kujerun mota, da yamma ta dawo ta ɗora da jinya. Ba ta taɓa yi masa gori ba, dama ita ba mai faɗin damuwarta ba ce. Shi kuwa shirun nan ya fi gorin ci masa rai. Kullum tunaninsa, da me zai saka mata?

Ya samu aiki a garejin wani kamfanin motoci. In sabuwar mota ta dawo da matsala, shi zai duba ya rubuta: ko laifin kamfani ne garanti ya gyara kyauta, ko laifin mai mota ne ya ji da kayansa.

Wata safiya sai ga wani dattijo ɗan tasi, Bang Chil-seong, da farar safar hannu da kwalin lemon ƙarin kuzari da ya kawo wa ma'aikata. Ya rusuna ya gaida kowa, sannan ya buɗe ƙofar direba. Ɗinkin gefen kujerar ya farke, tsawon tafin hannu. Motar kuwa wata huɗu kacal.

Gwang-su ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin kujerar ya jawo ɗan ƙyallen da ake liƙa wa kowace riga. Sunan masana'antar su Mi-ran ne a jiki. A ƙasa an buga: layi na huɗu.

Layi na huɗu layin yayarsa ne, ita ce ma shugabar matan da ke ɗinki a wurin. Kuma duk garin an san ƙarshen shekara za a sake duba kwangilarsu da kamfanin motocin. In ya rubuta laifin ɗinki ne, takardar nan a kan yayarsa za ta sauka.

Ya tura ƙyallen ciki, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Baba, mene ne wannan ka shimfiɗa a kan kujerar?"

"'Yar tabarmar gora ce, ɗana. Saboda zufa."

"To ai ga ɓarawon nan. Ita ta cinye ɗinkin."

Dattijon ya yi murmushi. "Shekara talatin da ɗaya nake zama a kan irinta. Wannan ce motata ta shida. Ba ta taɓa cin kujera ba, sai yau ta ji yunwa?"

Kanikawa suka yi dariya. Dariyar ta ƙona Gwang-su, sai ya ɗaga murya.

"Shekara talatin da ɗaya da suka wuce haka tumbinka yake, Baba? Kana shiga kana fita sau hamsin a rana kamar ana sauke buhu. Kujera aka sayar maka, ba dutse ba. Garanti ba ya biyan ƙiba."

Dattijon ya dube shi, kunnuwansa sun yi ja. Ya gyara safar hannunsa, ya sake rusunawa.

"Lemon nan ku sha," in ji shi. "Ba don kujera na kawo ba."

Ya ja motarsa ya tafi. Gwang-su ya rubuta: laifin mai mota.

Motocin farko na wannan samfurin, 'yan tasin garinsu ne suka saye su. Kujerar tasi kuwa ba ta hutawa, ita ke fara nuna aibi kafin ta kowa. Don haka suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wuri ɗaya, farkewa iri ɗaya, ƙyalle iri ɗaya.

Kowa da laifin da ya ɗora masa. Wannan makullan da ke rataye a ƙugunsa. Wancan maɓallin aljihun wandonsa. Wata mata ma ce mata ya yi man da take goge kujerar ne ya ruɓar da zaren. Mota goma sha uku cikin wata shida, ko ɗaya bai bari ta wuce ba.

Manajansa har yabonsa yake. Shi kuwa barci ya ƙaurace masa. Da ya zauna cin abinci da Mi-ran, sai ya kasa haɗa ido da ita, amma a ransa yana cewa, ai ina kāre ki ne, ba ki sani ba.

Da sanyi ya shigo, ƙorafi ya fara tasowa daga sauran garuruwa, inda babu Gwang-su da zai danne. Kamfani ya bincika. Ashe ba hannun masu ɗinki ba ne, zaren ne gurɓatacce. Amma kafin a gano, an riga an ɗinka dubban kujeru da shi. Kamfanin bai tsaya sauraron haƙuri ba, ya janye kwangilar. Masana'antar ta rufe layi uku, har da na huɗu. Mata arba'in da biyu suka koma gida.

Ranar Asabar da rana Gwang-su ya tarar da Mi-ran zaune a ƙasa gaban tebur. Kusa da ita ga kwali, an zuba almakashinta da matashin da take jingina da shi a bakin keken ɗinki. Duk da haka ta dafa shinkafa da miyar waken suya, ta jera kimchi, kabejinsu mai tsami da yaji.

"Zauna ka ci," ta ce.

Ya zauna. Ita ba ta taɓa cokali ba.

"Ka san abin da ya fi yi mini ciwo? Tun bazara na san zaren nan ba shi da kyau. A yatsana nake ji. Sau uku ina shiga ofis, ina cewa a canza shi. Kullum amsa ɗaya: Mi-ran, ko ƙorafi ɗaya bai zo daga waje ba, kina so mu zubar da kaya don yatsanki? Takarda ɗaya tak nake jira, Gwang-su. Da ta zo tun lokacin, kwana biyu ya isa a gyara."

Ya ajiye cokalinsa.

"Yaya..." in ji shi. "Sun zo. Goma sha uku. Ni na mayar da su."

Ta ɗago ta dube shi.

"Na ga layinki ne a ƙyallen. Na ɗauka in na rubuta, ke za a kora."

Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba.

"Gida ɗaya muke kwana," ta ce a hankali. "Tebur ɗaya muke ci, wata shida. Ba ka iya buɗe baki ka tambaye ni ba?"

Darasi: Kada ka ɗora wa marar laifi laifi don ka rufa wa naka asiri. Gaskiyar da kake dannewa don kāre wani, wataƙila ita yake jira ta cece shi. Kafin ka yanke hukunci a madadin wanda kake ƙauna, tambaye shi. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga duk wanda ka san sa hannunsa ke yanke wa mutane hukunci.