Ranar da Aka Ɗauki Kwaɗo Hoto

An yi wani ɗan tafki a tsakiyar wani tsibiri, can cikin babban kogi. Ruwansa a kwance yake, ganyen bado ya rufe rabinsa. A nan wata tsohuwar Kififfiya take zaune da danginta, mai haƙuri ce ƙwarai. Maƙwabcinta kuwa Kwaɗo ne, wanda ba abin da yake so a duniya kamar a san da shi.

Kullum da hantsi kififfiyu sukan hau wani gungume da ya faɗa cikin ruwa su sha rana. Ba sa hawa ɗaya-ɗaya. Tare suke jeruwa, wannan na duban gabas, waccan na duban yamma, saboda akwai wani Zalɓe mai haɗama da ke shawagi a tsibirin. Duk wadda ta hango shi sai ta yi ihu, kowa ya faɗa ruwa.

Duk shekara idan ruwa ya ja baya, wata mata mai suna Malama Tabawa takan zo ɗaukar hotunan dabbobin tafkin. Wani dattijo, Malam Gambo, shi ke tuƙo ta a kwalekwale. Takan zauna cikin ciyawa shiru, ta saita kyamararta, ta jira. Can sai a ji ƙyas!

Bana ma ta zo, ta kwana biyu tana ɗaukar kififfiyu. Abin ya tsaya wa Kwaɗo a rai.

"Inna, don Allah me matar nan take gani a jikinku?" in ji shi. "Kamar an kife ƙore a kan itace!"

Kififfiya ta yi dariya. "To ai ƙoren ba sa tsalle-tsalle, Malam Kwaɗo. Kai kuwa kafin ta saita ka, ka bar wurin. Zo ka zauna a gefenmu gobe, akwai wuri."

"A gefe? Ni? A ɗauke ni a cikin taro kamar ɗan rakiya? Ni kaɗai za a ɗauka, a tsakiyar gungumen nan!"

"Ba a zama a kan gungumen nan a kaɗaice," in ji ta. "Ka san dalili."

"Ku dai matsorata ne," in ji Kwaɗo, ya yi tsalle ya bar ta.

Washegari ita ce ranar ƙarshe ta Malama Tabawa a tsibirin. Kififfiyu suka jeru yadda suka saba. Rana ta yi daɗi, har Kififfiya ta miƙe ƙafafunta na baya. Ba zato sai ta ji an kurma ihu daga cikin bado.

"Zalɓe! Zalɓe! Ku gudu!"

Tsundum! Tsundum! Kowa ya faɗa ruwa. Kififfiya ta nutsa har ƙasa, ta lafe a cikin laka. Ta jira, ta jira, ba ta ga inuwar komai ta gilma ba. Sai kuma ta tuna muryar da ta yi ihun. Ai ba ta 'yan gidansu ba ce.

Ta taso a hankali ta leƙo da kai. Ga Kwaɗo nan zaune daram a tsakiyar gungume. Ya kumbura ƙirji, ya ɗaga haɓa, ya lumshe ido. Malama Tabawa kuwa ta juyo da kyamara wajensa.

"Kai, Kwaɗo! Ashe kai ne? Ba ka ji kunya ba?"

"Inna, matsa can, kada kanki ya ɓata mini hoto," in ji shi, ko buɗe ido bai yi ba.

Kififfiya ta buɗe baki za ta ba shi amsa, sai ta ga wata doguwar inuwa ta faɗo a kan ruwa. Wannan karon na gaske ne.

"Kwaɗo, faɗo ruwa! Zalɓe a bayanka!"

"Haba Inna, da wayona za ki kama ni? Ni na ƙirƙiro shi!"

Bai rufe baki ba Zalɓe ya dira a kan gungume, ya cafke shi ta ka. Ƙyas! Ƙyas! Ƙyas! Kyamara ta yi ta kuka ba tsayawa.

Kififfiya ba ta taɓa sauri irin na ranar nan ba. Ta iyo ta ƙarƙashin gungume, ta miƙa wuya, ta gantsara wa Zalɓe cizo a yatsa. Zalɓe ya ƙwalla ƙara, Kwaɗo ya suɓuce ya faɗa ruwa. Zalɓe ya tashi sama yana yarfa ƙafa yana zage-zage.

Da ta tabbata Kwaɗo yana numfashi a ƙarƙashin bado, sai ta iyo kusa da kwalekwale ta leƙa. Malama Tabawa tana nuna wa Malam Gambo hoton a jikin kyamara.

"Baba, duba nan! Shekara shida ina zuwa, ban taɓa samun irin wannan ba."

Malam Gambo ya yi dariya har ya saki filafili. "Allah sarki, bawan Allah! Ya zo a ɗauke shi, an kuwa ɗauke shi!"

Kififfiya ta koma ta tarar da Kwaɗo yana shafa ƙeya. Can ya ɗago.

"Inna, na gode. Ki yafe mini ƙaryar da na yi." Sannan ya rage murya. "Amma an ɗauka, ko?"

"An ɗauka. Ta ce ma ya fi duk na baya."

"Fuskata ta fito sosai?"

"Fuska tana cikin bakin Zalɓe," in ji Kififfiya. "Amma ƙafafunka sun fito, duka biyun, suna kallon sama."

Darasin wannan labari shi ne, kada son a gan ka ya sa ka kori mutanen da ke kewaye da kai. Sau da yawa waɗanda kake ganin sun tare maka wuri, su ne ke duba maka bayanka ba ka sani ba.