Ranar da Maƙerar Jibo Ta Yi Shiru

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba, tun zamanin da ake rufin ɗaki da azara, ake ɗaukar kaya a kan jakuna. Sunansa Malam Tanimu. Baduku ne, yana ɗinka takalma da gafaka, yana ci da guminsa. Ba shi daga cikin malaman da ake durƙusawa a gabansu a ɗauki karatu. Abin da ya sani na addini kaɗan ne, amma kaɗan ɗin nan ya riƙe shi da hannu biyu.

Wata shekara, ana tsakiyar bazara, saƙo ya iske shi daga ƙauyen da aka haife shi cewa mahaifiyarsa ta makance, kuma ƙanwarta da ke kula da ita Allah ya yi mata rasuwa. Tsakanin garin da ƙauyen akwai kogi. Da zarar damina ta zauna kogin ya kawo, ba mai ƙetare shi da iyali da kaya sai kaka. Malam Tanimu ba shi da wata dukiya sai gidan da yake ciki. Ya zama dole ya sayar da shi, ya sami abin da zai kafa zama kusa da tsohuwa, kuma ya yi hakan kafin ruwa ya sauka. Ku riƙe wannan a ranku, jama'a, domin duk abin da zai biyo baya, makauniya na can tana jiran ɗanta.

Ya nemi dillali, aka haɗa shi da wani mai suna Sallau. Shi Sallau Allah ya yi masa zaƙin baki. Yakan yabi gurgun jaki har mai jakin ya ji ba ya son rabuwa da shi. Ya zagaya gidan, ya dawo zaure ya zauna, ya ce, "Malam Tanimu, ba za mu yi shela a kasuwa ba tukuna. Gidan da aka yi wa shela ya kwana bakwai ba a taya ba, sai mutane su fara cewa akwai aljanu a ciki. Zan riƙa kawo mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar sun zo gaisuwa, su leƙa, su gani. Kai dai ka gyara gida."

Aka shiga gyara. Matar Malam Tanimu, Tabawa, ta gayyato matan unguwa aka yi wa tsakar gida sabon daɓe. Ta jiƙa farar ƙasa ta shafe ɗakuna ciki da waje. Aka kwashe tarkacen da ya shekara goma a bayan rumbu, aka kai awaki gidan ƙanenta, aka fitar da fatun da Malam ke aiki da su saboda wari, aka turara ko'ina. Kada wani ya ce na hana wannan. Tsafta abar so ce, kuma ba laifi mutum ya nuna kayansa cikin kyakkyawar kama. Ba a nan jarrabawar take ba.

Ku saurara. Gidan nan yana da aibi uku. Bangon ɗakin gabas ya tsage tun daga tushe. Gara ta ci azara biyu a rufin zaure. Rijiya kuma, in bazara ta yi nisa, sai guga ya fito da rabin ruwa rabin laka.

Sallau ya ce, "Wannan duk aikin wuni ɗaya ne. Tsagar a bi ta da yaɓe, a shafa farar ƙasa. Azarar a rataya tabarma mai ado a ƙarƙashinta. Rijiya kuwa, da safen ranar da zan kawo mutum, a ɗebo tulu ashirin a maƙwabta a zuba."

Malam Tanimu ya ce, "In na rushe bangon na sake shi daga tushe, wannan sunansa gyara, sai dai ba ni da lokacinsa. To, in na shafe shi daga waje, mene ne sunansa?"

Sallau ya ce, "Sunansa ciniki."

Malam Tanimu bai yi masa musu ba, domin shi ba mai jayayya ba ne. Ya bari ya tafi, sannan ya shiga madafi ya ɗauko gawayi. Ya je bangon gabas, wanda Tabawa ta shafe fari fat har tsagar ta kusa ɓacewa, ya zana mata baƙin layi daga sama har ƙasa. Ya taka turmi ya zagaye azara biyun nan. Ya tsaya bakin rijiya yana tunanin inda zai zana, Tabawa ta fito ta same shi.

Ta ce, "Malam, kwana uku ina shafa farar ƙasa har bayana ya ƙage, kai kuma ka biyo ni da gawayi?"

Ya ce, "Uwargida, aikinki ya yi kyau ƙwarai. Kyan ne ya yi yawa har ya rufe abin da bai kamata ya rufe ba."

Ta ce, "To, tunda zane kake, ga ni nan. Haƙorina ɗaya na girgiɗi, zo ka zagaye shi."

Washegari Sallau ya zo da wani bafatake mai safarar goro, da rawani da babbar riga. Tun daga ƙofa Sallau ke cewa, "Dubi zaure, ranka ya daɗe, mutum ashirin za su ci tuwo a nan gwiwar wani ba ta taɓa ta wani ba." Aka gaisa, aka kawo ruwa. Da baƙo ya ajiye ƙwarya sai Malam Tanimu ya miƙe ya ce, "Bismillah, mu fara da rufin, tunda muna ƙarƙashinsa." Ya ɗauki sanda ya zunguri azarar da ya zagaye. Garin itace ya zubo a kan rawanin bafatake kamar ana tankaɗe. Ya kai shi ɗakin gabas, ya zura hannu cikin tsagar har wuyan hannu, ya ce, "Da damina ta nan kwaɗi ke shigowa, amma ba sa daɗewa." Ya kai shi rijiya, ya jawo guga ya nuna masa. Bafatake ya karkaɗe rawaninsa, ya ce zai je ya yi shawara. Kun dai san ma'anar wannan magana a bakin mai saye.

Haka aka yi da na biyu, haka aka yi da na uku. Kwanaki suna tafiya, iska ta fara juyawa, da la'asar hadari yakan taso daga gabas ya tsaya yana kallon gari. Malam Tanimu ya ga hadarin, ya kuma san abin da yake nufi gare shi. Kada ku zaci gaskiyarsa ba ta yi masa nauyi ba. Ta yi.

Akwai kuma wani abu na huɗu, wanda gawayi ba ya iya zagayewa. Katanga ɗaya ce ta raba gidan da maƙerar wani maƙeri mai suna Jibo. Jibo mutumin kirki ne, amma guduma ba ta san kirki ba. Daga fitowar rana har faɗuwarta ƙarfe na kuka, balle a bazara, lokacin da kowane manomi ke son a gyara masa garma da fartanya. Shekara ashirin Malam Tanimu na zaune da wannan ƙara, har ya daina jin ta.

Rannan Sallau ya zo da murna, ya ce ya samo wanda aibi uku ba za su kora ba. Wani malami ne da ya baro cikin birni, yana neman gidan da zai zauna ya yi nazarin littattafansa. Aka kawo shi da hantsi. Malam Tanimu ya nuna masa tsaga, malamin ya ce magini zai gyara. Ya nuna masa azara, ya ce a sake biyu ba wuya. Ya nuna masa rijiya, ya ce shi da iyalinsa ba su da yawa. Suka dawo tsakar gida suka zauna a inuwa. Malamin ya lumshe ido, ya ce, "Abin da na fi so a gidan nan shi ne shiru. Tun da na shigo ban ji ko motsin tabarya ba. A nan mutum zai yi karatu."

Sai a lokacin Malam Tanimu ya kasa kunne. Shiru kuwa. Hantsi ya dubi ludayi, ga bazara, ga manoma na jira, amma maƙera ba ta ce uffan ba. Ya dubi Sallau. Sallau ya ɗaga kai yana nazarin ganyen bishiya.

Malam Tanimu ya ce, "Gafarta Malam, ka ɗan jira ni."

Ya fita ya zagaya. Ya iske Jibo zaune a kan kututture ya harɗe hannu, wuta ta mutu, manoma huɗu sun jeru a gindin katanga kowa da garmarsa a cinya.

Ya ce, "Maƙwabci, lafiya? Ko jikin ne?"

Jibo ya ce, "Lafiya lau. Ai kai ka aiko Sallau jiya ya ce in yi maka alfarma, kada in taɓa guduma yau sai bayan azahar. Shekara ashirin ba ka taɓa roƙona komai ba, yaya zan ƙi?"

Malam Tanimu ya ce, "Ban aiko shi ba. Amma yanzu na zo da ƙafata in roƙe ka. Don Allah ka hura wutarka, ka bugi ƙarfenka yadda ka saba kullum. Kada ka rage, kada kuma ka ƙara."

Jibo ya dube shi, ya ce, "Ka san mai sayen zai gudu?"

Ya ce, "Gara ya gudu yau da ƙafarsa, da ya wayi gari gobe yana kai ƙarata wurin Allah."

Ya koma ya zauna kusa da baƙonsa. Aka ji zugazugi sun fara numfashi. Can sai guduma ta sauka a kan maƙera, ta sake sauka, ta kama aiki. Malamin ya buɗe ido. Ya buɗe baki zai yi tambaya, bai ji muryar kansa ba. Malam Tanimu ya matso kusa da kunnensa ya ɗaga murya, "Haka yake kullum, ban da Juma'a." Malamin ya tattara rigarsa, ya yi masa addu'a mai tsawo wadda ba wanda ya ji ko kalma ɗaya daga cikinta, ya tafi.

Sallau ya tsaya a zaure yana huci. Ya ce, "Shekara talatin ina dillanci, na ga mai gidan da ya ɓoye aibi, na ga wanda ya manta da aibi, amma ban taɓa ganin wanda ya fita ya kirawo aibi daga maƙwabta ba. Ka nemi wani dillalin." Ya sa takalmansa ya wuce. Tabawa kuwa ba ta yi tsiya ba wannan karon. Ta dubi gabas, inda hadari ya yi baƙi, ta ce a hankali, "Malam, Inna fa?" Ya ce, "Ina sane."

Bayan la'asar aka yi sallama. Jibo ne, ya wanke hannu ya sa riga. Ya zauna a zaure, ya zaɓi wurin da ba ƙarƙashin azarar nan ba.

Ya ce, "Maƙwabci, ba sai ka zagaya da ni ba. Sau huɗu ina jin karatun ta bisa katanga, na haddace: tsaga a gabas, azara biyu, rijiya mai laka. Na huɗun kuwa ni ne, kuma na daɗe da sabawa da kaina. 'Ya'yana biyu sun yi aure, gidana ya cika. Tun ranar da na ga ana daɓe nake son in yi magana, kunya ta hana ni, kada ka ce ina ɗokin ka tashi."

Malam Tanimu ya ce, "Ni ma na so in fara tuntuɓarka, kunya ta hana ni, kada ka ce ƙararka nake gudu."

Jibo ya taya. Abin da ya bayar bai kai wanda malamin nan zai bayar ba, kuma ba zan ce muku ya kai ba. Amma ya isa ɗaki biyu da 'yar gona a ƙauye. Aka kira shaidu, aka ƙulla ciniki. Kwana uku bayan haka jakunan da suka ɗauki kayan Malam Tanimu suka ƙetare kogi, ruwa iya idon sawu. Tsohuwa ta shafa fuskar ɗanta da hannu ta gane shi, kuma a hannunsa ta ƙarasa sauran kwananta.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Malamai sun karantar da mu cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Share gida halal ne, shafa masa fenti halal ne, amma ranar da fentin ya zama murfin abin da ka sani, ka fita daga gyara ka shiga ha'inci. Kuma wanda ya yi shiru aka yi ha'incin a madadinsa, kada ya ce dillali ne ya yi. A cikinku akwai mai gidan da ruwa ke kwanciya a ɗakinsa duk damina, yana jira rani ya yi ya kawo mai saye. Akwai mai motar da yake tayar da ita tun da sassafe don kada mai saye ya ga yadda take wahalar tashi. Ba na kiran suna, kowa ya san abin da ya rataya wa tabarma. Ka faɗa, ko da kuɗin zai ragu. Abin da ya ragu ta wannan hanya bai kai nauyin tsayuwa gaban Ubangiji da haƙƙin wani a wuya ba. In kuma za ka sayar da gida, ka fara ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinka, kada kunya ta sa ku yi ta kallon katanga kamar waɗannan bayin Allah biyu.

Allah ya tsarkake cinikinmu, ya sa abin da muke ciyar da iyalinmu ya zama halal, ya jiƙan iyayenmu.