Ranar da Barmo Ya Hana Aron Galadima

Jama'a, bari in faɗi aibina da bakina kafin wani ya riga ni. Ni ban iya cewa a'a ba. Ba wai kirki ne ya yi mini yawa ba, so nake a riƙa cewa ina da shi. Tsanin gidana ma yanzu ban san layin da yake ba. To, ku saurara.

A wani gari, tun zamanin da gidan sauro ɗaya ne a gida, shi ma na maigida, an yi wani bawan Allah, baduku, ana ce masa Barmo. Ba gona, ba jaki. Abin da ya mallaka zomaye ne a akurki bayan ɗaki. Ba ya yankawa, ba ya sayarwa. In ya tashi daga ɗinki sai ya tsuguna yana ba su ganyen dankali yana musu hira. Kowanne da sunansa. Uwar garken Hajiya. Namijin kuwa, wani ƙato mai tafiyar ƙasaita, Galadima.

A unguwar nan ba a hana aron namiji. Mai mace ya zo ya ɗauka don barbara, in ta haihu ya kawo maka ɗa guda tukuici. Galadima ya zaga gidajen unguwar fiye da wanzami.

Damina ta yi tsaka, sai Hajiya ta wayi gari idanu a kumbure, kunnuwa a zube. Aka ba ta ganye ta ƙi. Ba a jima ba ta mutu. Da yake ranar kasuwa ce, Barmo ya tare malamin dabbobi ya kwatanta masa. Malamin ya ce, "Wannan cuta ba ni da maganinta. Sauro da ƙuma ke kai ta daga wannan zuwa wancan. Kuma zomo na iya ɗauke da ita yana tsalle lafiya lau kafin ta nuna."

Barmo ya dawo gida. Ya binne Hajiya da zurfi, ya ƙone shimfiɗar akurkin, ya barbaɗa toka, ya kife duk wani kasko da ruwa ke kwana a ciki. Sannan, ku ji wannan, ya shiga ɗaki ya kwance gidan sauronsa ya rufe akurki da shi.

Matarsa Tabawa ta riƙe haɓa. Ta ce, "Malam, na ga mai bar wa baƙo gado, amma mai bar wa zomo gidan sauro, yau na fara gani."

Ya ce, "Tabawa, ni in sauro ya cije ni susa zan yi. Su kuwa rami zan haƙa."

Ta ce, "To Allah ya ba da lada. Farce dai kada ka yanke."

Ana nan sai ga maƙwabcinsa Gwadabe, dattijo mai faɗa a ji, da kwando a hannu. Ya ce, "Barmo, miƙo mini Galadima."

Barmo ya durƙusa ya ce, "Baba, cuta ta shigo mini. Ba zan ba ka ba sai ruwa ya ɗauke."

Gwadabe ya leƙa. Ga Galadima yana cin ganye kamar biyan sa ake. Ya ce, "Wannan ne mara lafiyar? Ya fi ni lafiya! Ka ce dai rowa ta shigo maka."

Barmo ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. In na ba ka, zai kwana da naka, naka su kwana da na wasu."

Gwadabe ya fita da kwando wayam. Kafin la'asar labari ya kai majalisa: Barmo ya hana aro. In ya zo wucewa sai a ce, "Sannu, dogarin Galadima! Yaya mai martaba ya kwana a gidan sauro?" Wasu suka kwashe takalmansu suka kai wa wani baduku. Ku duba fa, jama'a. Miƙa zomo ɗaya kawai zai yi, sunansa ya dawo. Da ni ne, wallahi har gida zan kai, in haɗa da ganye.

Shi bai miƙa ba. Ya yi ta susa, ya yi ta amsa gaisuwar ba'a da murmushi, har ruwa ya ɗauke, sauro ya yi sauƙi. Bai ƙara rasa ko ɗaya ba. A unguwar ma ba zomon da ya kumbura. Ba kuma wanda ya zo godiya, don ba wanda ya ga abin da aka tsare masa. Barmo bai damu ba. Ya wanke gidan sauronsa, ya ci gaba da hira da zomaye.

To, ga abin da nake so ku tafi da shi. Alheri ba kullum ne miƙawa ba, wani lokaci hanawa ne, ko da za a zage ka. Kai da kajinka suka fara gyangyaɗi ka ruga da su kasuwa, da kai nake. Ke da yaronki ke da ƙyanda kika goya shi gidan suna don kada a ce ba ki zo ba, da ke nake. Ka tsare na maƙwabcinka daga abin da ya same ka, ka bar wa Allah sunanka, Shi ya san inda zai ajiye.

Da kaka ta yi, Barmo da kansa ya ɗauki Galadima ya kai wa Gwadabe aro har gida. Gwadabe bai dawo da shi ba.