Shirun Safiyanu Mai Gilas

A wata unguwa ta bakin kogi a Hadejia akwai wani mai aikin gilas da alminiyam, sunansa Safiyanu. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Aibinsa ɗaya ne, riƙo. In ka taka shi yau, ko da bisa kuskure ne, zai yi maka murmushi, ya adana abin a ƙasan zuciya har shekara goma bai huce ba. Mahaifiyarsa Yakaka, tsohuwar ungozomar unguwar, ta yi masa faɗa a kan halin nan har bakinta ya gaji.

Maƙwabcinsa kuma abokinsa tun ƙuruciya shi ne Ja'afar, wanda Allah ya buɗa wa a fataucin tattasai. Da Ja'afar ya tashi sabunta gidansa, abin da ya fi damunsa shi ne sanyi. Duk wanda ya yi watan Janairu kusa da kogin nan ya san yadda ɗari ke biyo fadama, ya shigo ta kowace kafar taga har mutum ya ji shi a ƙashi. Safiyanu ne ya ba shi labarin wata irin taga da ya koyi haɗawa a Kano: gilas biyu a manne, da iska a tsare tsakaninsu, ga roba zagaye da bakin tagar. Ɗumin ɗaki ba ya fita, sanyin waje ba ya shiga. Da kansa ya zo ya auna tagogin, ya koma shago yana jiran a ce masa ya fara.

Kwatsam sai ga mota daga Kano da wasu ma'aikata, suka sauke tagogi a ƙofar gidan Ja'afar. Da la'asar a majalisa wani ya tambayi Ja'afar dalilin tsallake maƙwabcinsa. Ja'afar, da yake kuɗi sun fara sakar masa baki, ya yi dariya ya ce, "Wannan aikin ya fi ƙarfin ɗan unguwa. Shi Safiyanu a bar shi da akwatin gilas na masu awara."

Aka kwashe da dariya, Safiyanu ma ya yi tasa ta yaƙe. Kafin sati sunan ya bi shi, har mata a cikin gida Mai Akwatin Awara suke ce masa. Gaskiya an ci masa fuska, ba mai musun haka. Ya rantse a ransa sai ya ga ranar da Ja'afar zai tako shagonsa da ƙafarsa yana roƙo. Ya shiga gida ya kafa doka: daga yau ba mai sake taka gidan Ja'afar, ko gaisuwar mutuwa ce.

Yakaka ta ce, "Har da ni, Safiyanu? Ni na yanke wa yaron nan cibi."

Ya ce, "Har da ke, Inna. In kin shiga, ki sani kin zaɓe shi kin bar ni."

Tsohuwa ta dube shi, ba ta ja da shi ba, don shi kaɗai ya rage mata a duniya.

Akwai abin da Safiyanu ya sani wanda duk unguwar ba wanda ya sani. Maigidansa na Kano, wanda ya koya masa aikin, ya sha ja masa kunne cewa duk ɗakin da aka toshe haka, ko dai a bar masa mashigar iska a sama, ko a hana mai shi shiga da kaskon gawayi. Garwashi na fitar da wata iska mai guba wadda ba a gani, ba a kuma jin warinta. Tsofaffin tagoginmu da muke zagi saboda kafofinsu, su ke fitar da ita ba mu sani ba. Safiyanu ya leƙa aikin baƙin daga kan layi. Ɗaki ɗaya suka gama kafin sanyi ya kankama, na Ja'afar kansa, sun toshe shi ruf, ba su bar ko kafar allura ba, suka yi tafiyarsu. Washegari ya ga an shiga da buhun gawayi gidan, sai ya ji wani daɗi a ransa.

Bai yi nufin kisa ba, haka yake gaya wa kansa. So yake Ja'afar ya sha ciwon kai da jiri, gari ya ɗauka cewa tagogin Kano cuta suke sa wa, a dawo gare shi.

Ba a daɗe ba kuwa suka haɗu a bakin masallaci bayan azahar. Ja'afar, idonsa jajur, ya ce, "Safiyanu, ɗakin nan akwai ɗumi, amma duk ranar da na shiga da kasko sai in tashi kaina kamar zai rabe. Ko daga gilas ɗin ne?"

Kalma biyar ta isa ta raba Ja'afar da bala'i. Safiyanu ya zura takalminsa ya ce, "Ka tambayi mutanen Kano mana. Mu masu akwatin awara me muka sani?" Ya wuce yana jin kansa a sama.

Ana cikin haka Rahmatu matar Ja'afar ta haihu. Ja'afar ya kwashe kayansa ya bar wa maijego ɗakin mai ɗumi. Safiyanu ya ji labari, ya kuma san ba a raba maijego da wuta. Ya tashi zai je, ya sake zama. Ya ce ai Ja'afar ya san hanyar shagonsa.

Abin da bai sani ba shi ne, Rahmatu ba ta da uwa a garin, kuma Yakaka ba ta iya jin kukan jariri a maƙwabta ta zauna. Kullum da hantsi, da ya fita shago, sai ta bi ta ƙofar baya ta je ta yi wa Rahmatu wankan jego. In sun gama ta cika kasko da garwashi ta kai ɗaki, ta zauna tana gasa mata jiki. Kuma takan danna sakata, kada wata mai dogon baki ta faɗo ta gan ta, ta kai wa ɗanta. Kwana uku tana dawowa da ciwon kai. Ta ce masa sanyi ne. Shi da kansa ya sayo mata magani ya miƙa mata da ruwa.

A rana ta huɗu sanyi ya fi na kullum, Yakaka ta ninka gawayin. Bashira ƙanwar Ja'afar ta ɗauki jaririyar ta fita da ita tsakar gida shan hantsi. Da ta dawo ta tura ƙofa ta ji ta a kulle. Ta buga, shiru. Ta leƙa ta gilas, sai ta saki salati da ƙarfi.

Safiyanu na shago ya ji ihu daga gidan Ja'afar. Tun kafin a gaya masa ya san ko mene ne. Ya suri guduma ya ruga, ya ture masu kokawa da ƙofar ƙarfe, ya nufi taga. Ya manna fuska a gilas ya ga Rahmatu kwance a gado ba motsi. A ƙasa kusa da kasko kuwa ga wata tsohuwa a kife, sanye da zanen da ya saya wa Innarsa da sallah.

Ya kai wa tagar duka, gilas na farko ya tarwatse, na biyu ya ƙi sai da ya ƙara. Ya kutsa yana yanke hannuwa bai ma ji ba, ya zare sakata, aka fito da su aka yi asibiti.

Rahmatu ta farfaɗo a ranar. Yakaka sai da ta kwana biyar kafin ta buɗe ido. Likita ya ce iskar ta daɗe a jikinta, ga tsufa, ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Bayan an sallamo su, Ja'afar ya tako shagon Safiyanu da ƙafarsa, tare da dattawan unguwa. Ya durƙusa ya ce, "Ka ceci iyalina, ɗan'uwana. Na yi maka rashin mutunci, ka yafe mini. Don Allah ka zo ka gyara tagogin nan yadda ya kamata."

Ga ranar da Safiyanu ya yi ta jira ta zo, komai yadda ya tsara, amma ya kasa ɗaga kai. Ya fashe da kuka ya ce, "Na sani, Ja'afar. Tun ranar da ka tambaye ni a masallaci na sani." Ja'afar ya miƙe a hankali ya fita, dattawa suka bi bayansa.

Safiyanu ya koma gida ya tarar da Yakaka zaune a rana. Ya tsuguna ya gaishe ta. Ta amsa da fara'a irin wadda take yi wa baƙi, ta ƙura masa ido, ta ce, "Sannu, yaro. Kai kuwa ɗan gidan wane ne?" Har yau, kullum ya kai mata koko da safe, tambayar da take yi masa ke nan.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ramuwa ba ta tsayawa a kan wanda aka auna. Safiyanu bai ɗaga wa kowa hannu ba, shiru kawai ya yi, amma ɓoye ilimin da zai tsare rai cin amana ne, ko da wanda ya wulaƙanta ka ne zai amfana da shi. In an ɓata maka, ka faɗa a fili, ko ka yafe don Allah, kada ka ajiye. Duk kuma wanda ya toshe ɗakinsa don gudun sanyi, ya bar wa iska hanya, kada ya rufe ƙofa a kan garwashi.